BABI NA UKU: SARRAFA FITILUN DANDAMALI TA ISKA TARE DA HOTON BIDIYO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda ake sarrafa fitilun dandamali daga nesa, a sa su kunnu, su mutu, su sauya launi a kan ƙayyadadden lokaci daidai da hoton da ake haskawa a allo. Za a kuma dubi yadda wannan fasaha za ta zauna a hannun ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da masu kayan sauti na bukukuwa a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Kafin a yi nisa, ya kamata a warware wata matsala ta kalma. A Hausa “waya” tana nufin zaren ƙarfen da wuta ke bi, tana kuma nufin tarho. Saboda haka idan aka ce “sarrafa fitila ba tare da waya ba”, mai sauraro na iya ɗauka ana nufin ba a amfani da wayar hannu ne, alhali kuwa sau da yawa da wayar hannun ake ba da umurnin. Don kauce wa wannan ruɗani, an zaɓi a riƙa cewa “ta iska”, bisa koyi da tsohuwar kalmar nan “wayar iska” wadda Hausawa suka daɗe da saninta.

3.1 Daga Majigi Zuwa Yau

Haɗa haske da hoto da murya a fili da dare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun cikin shekarun 1930 motocin majigi suka fara yawo a Nijeriya, bayan da William Sellers, wani jami’in kiwon lafiya a Ikko, ya soma amfani da fim wajen wayar da kan jama’a. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya fina-finai na ƙasashen da take mulka, aka ba shi shugabancinsa. Masana sun nuna cewa ita kanta kalmar “majigi” ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitila mai haska hoto a bango. Ke nan tun farko fitila da hoto tare suka shigo.

A majigi, mutum shi ne ma’aunin lokaci. Mai sharhi yakan tsaya kusa da mota da makirfo, idonsa a kan allo, yana daidaita maganarsa da abin da ke wucewa. In ya yi jinkiri, ’yan kallo su ji bayanin abin da ya riga ya wuce. Wannan aiki na daidaitawa shi ne na’ura ta karɓa a yau.

A ƙasashen waje kuwa, wasan haske da sauti mai tsararren lokaci ya fara ne a 1952 a fadar Shambor ta ƙasar Faransa, a hannun Paul Robert-Houdin. A 1961 aka soma irinsa a dalar Giza ta Masar.

3.2 Harshen da Fitilu Ke Ji

Fitila ba ta sanin abin da ke cikin fim. Lamba kawai take ji. A 1986 wata ƙungiyar masana fasahar dandamali ta Amurka, USITT, ta fito da ƙa’idar da ake kira DMX512 domin na’urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna. An yi mata gyara a 1990, kuma ita ce mafi yawan fitilun dandamali ke bi.

Tsarin yana da sauƙin ganewa. Layi guda yana ɗauke da tashoshi 512. Kowace tasha tana karɓar lamba daga 0 zuwa 255. Sifiri na nufin a mutu, 255 na nufin cikakken haske, abin da ke tsakani kuwa dishi-dishi ne gwargwadon lambar. Kowace fitila ana ba ta adireshi, wato lambar tashar da za ta fara saurare. Alal misali, fitila mai tashoshi 4 (ja, kore, shuɗi, da ƙarfin haske) in aka ba ta adireshi na 1, za ta ɗauki tasha ta 1 zuwa ta 4. Mai bi mata sai ta fara daga 5. Da wannan lissafi layi guda zai ɗauki irin waɗannan fitilu har 128. Idan aka ba ja 255, kore 255, shuɗi 0, sai a sami rawaya. Idan aka rage koren zuwa wajen rabi, sai launin ya koma ruwan goro, irin na faɗuwar rana. Da yake kowane launi cikin ukun yana da matakai 256, a lissafi ana iya haɗa launi fiye da miliyan 16, ko da yake idon mutum ba zai bambance su duka ba.

Wannan haɗa launi bai yi sauƙi ba sai bayan 1993, lokacin da Shuji Nakamura ya samar da ƙwan LED shuɗi mai ƙarfin haske a ƙasar Japan. Kafin nan, in ana son sauya launi sai a sa leda mai launi a gaban fitila. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki.

3.3 Aika Umurni ta Iska

Asalin DMX512 ta igiya ake aika shi, daga fitila zuwa fitila. Duk wanda ya taɓa halartar wasa a filin makaranta ya san abin da ke faruwa da igiyar da aka shimfiɗa a ƙasa: yara su yi tuntuɓe da ita, babur ya taka, ko wani ya zare bai sani ba. Don haka aka ƙirƙiro ƙananan na’urori biyu, mai aikawa da mai karɓa. Mai aikawa tana manne da kwamfuta ko teburin sarrafawa, tana mai da lambobin nan saƙon rediyo. Mai karɓa tana jikin fitila, tana mai da saƙon lambobi kamar yadda yake.

Yawancin waɗannan na’urori suna aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi da Bluetooth ma suke amfani da shi. Saboda cunkoso, masu ingancin cikinsu sukan riƙa tsalle daga mita zuwa mita sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Haka kuma jikin ɗan Adam, da yake mafi yawansa ruwa ne, yana shanye irin wannan saƙo. Wannan ne dalilin da ya sa gwajin da aka yi da la’asar fili babu kowa zai tafi daidai, amma da dare bayan jama’a sun cika sai fitilu su fara ƙin ji. Maganinsa shi ne a ɗaga mai aikawa sama da kawunan mutane, a kan sanda ko rufin mota.

Akwai kuma ƙananan fitilu masu rimot irin na talabijin, waɗanda masu adon ɗakin biki suka fi saye saboda araha. Su da hasken da ido ba ya gani suke aiki, kuma tilas rimot ya fuskanci fitila. Sun isa ado, amma ba su isa wasan kwaikwayo ba, domin ɗan yatsan mutum ne ke ƙayyade lokacinsu.

3.4 Daidaita Lokaci da Bidiyo

Nan ne gundarin aikin yake. Bidiyo hotuna ne tsayayyu masu wucewa da sauri. A tsarin PAL da Nijeriya ta bi, hoto 25 ne a daƙiƙa guda. Ke nan fim na minti 20 yana da hotuna 30,000. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka samar da hanyar ba kowane hoto lambarsa ta awa da minti da daƙiƙa da hoto, wadda ake danganta ta da ƙungiyar SMPTE. A wannan bincike an kira ta “lambar lokaci”.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tsara jerin umurnin fitilu a kwamfuta, sannan a danna bidiyo da jerin a tare. Aibinta shi ne agogo biyu ne ke tafiya, kowane da kansa. In an tsayar da bidiyo don wani ya yi jawabi, ko don kiran salla, fitilu za su ci gaba da tafiyarsu, kuma sai an koma farko kafin su sake haɗuwa.

Hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa a ganin mai wannan bincike, ita ce bidiyon ya zama shi ne jagora. Ana mai da lambar lokaci sauti, wani irin ƙara mai kama da kukan gyare, a ɗora ta a ɓangare guda na sautin bidiyon. Ɓangaren hagu ya tafi lasifika da maganar ’yan wasa, na dama ya tafi na’urar fitilu, ’yan kallo ba su jin sa. Na’urar tana karanta lambar, duk inda ta zo daidai da umurni sai ta aika. A ɗauka ana wasa a kan illar barin yara ba makaranta, allon baya yana nuna rana tana faɗuwa a gona. Sai a rubuta cewa a minti 4 da daƙiƙa 10 fitilun gaba su fara komawa ruwan goro, su ɗauki daƙiƙa 8; a minti 4 da daƙiƙa 30 duk su mutu sai guda mai shuɗi a kan uwar yaron. Ko sau goma aka maimaita wasan, haka zai fito. In an tsayar da bidiyo, lambar ta tsaya, fitilu su jira. Cikakken layin DMX512 yana sabunta saƙonsa kimanin sau 44 a daƙiƙa, wato ya fi hotunan bidiyo sauri, saboda haka fitila ba za ta makara har ido ya lura ba.

Sai dai a nan akwai abin da ya shafi adabi kai tsaye. Wasan kwaikwayon Hausa na dandamali, musamman na ƙungiyoyin gari, ya dogara ƙwarai ga ƙirƙirar magana nan take. Ɗan wasa in ya ga barkwancinsa ya karɓu sai ya ƙara ja. Lambar lokaci ba ta jiran dariya. Saboda haka bai kamata a ɗaure wasa duka a kanta ba. Abin da ya fi shi ne a yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace fitowa da tata, mai kula da na’ura ya saki ta gaba in ya ga ’yan wasa sun kai gaɓar.

3.5 Yanayin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

Waɗannan garuruwa ba baƙin na’ura ba ne. Layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, an kuma kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin a 1983, inda ake koyar da aikin lantarki. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta daɗe tana haɗa fatake daga wurare masu nisa. Don haka samun wanda zai haɗa kayan ba shi ne babbar matsala ba.

Matsalar farko ita ce wuta. Kusan kowane taron dare a kan janareta yake. Fitilar halojin guda ta dandamali tana iya cin wat 500, alhali fitilun LED goma masu wat 50 kowace abin da za su ci ke nan gaba ɗaya, wanda ƙaramin janareta zai ɗauka. Amma a lura, umurni ne kawai ke tafiya ta iska; fitilar kanta tana bukatar igiyar wuta, sai fa in mai batir ce. Idan janareta ya mutu a tsakiyar wasa, a nan hanya ta biyu take nuna fifikonta: da wuta ta dawo sai a kai bidiyo inda aka tsaya, fitilu su bi shi.

Ta biyu ita ce sadarwa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan wayar hannu a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kwashe makonni babu kira babu intanet. Duk tsarin fitilun da sai ya bi ta intanet kafin ya ji umurni, kamar wasu ƙwayayen lantarki na gida da ake sarrafawa da manhajar waya, ba abin dogaro ba ne a irin wannan hali. Mai aikawa da mai karɓa na DMX512 kuwa tsakaninsu suke magana, ba ruwansu da turken kamfanin waya. Wannan ya kamata ƙungiya ta tambaya tun a shago kafin ta biya kuɗi.

Haka nan matsalar tsaro ta sa tarukan dare a fili sun ragu a yankin, musamman a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, an fi komawa ɗakunan taro na makarantu da rana. A irin wannan ɗaki sai an toshe tagogi da baƙin yadi kafin launin fitila ya fito, kuma da yake tazarar gajera ce, mai aikawa guda da aka rataye kusa da silin ta wadatar.