Mai aikin dare, a bar shi ya yi barci

Da asuba, lokacin da jama'a ke tashi alwala, akwai waɗanda ko runtsawa ba su yi ba: nas a ɗakin haihuwa, mai gadi, ɗan sanda, masu gashin burodi, direban tanka da ya taso daga Legas. Gari na wayewa su nufi gida, a nan kuma wahalar take somawa.

Jikin ɗan Adam yana da nasa agogon, haske ne ke saita shi. Duhu na yi, ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin mai jawo barci, rana na fitowa ta rage shi. Binciken wannan agogo ne ya sa aka ba wasu Amurkawa uku kyautar Nobel a 2017. Saboda wannan agogo, wanda ya kwanta da hantsi, barcinsa gajere ne, a tsittsinke, alhali babba na buƙatar aƙalla awa 7. Ga zafin bazara ba wuta, ga ƙarar injin markaɗe, ga baƙon da zai yi sallama ya ce, “Malam, har yanzu kana kwance?”

Barci kuwa ɓarawo ne. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da hanzarinsa sukan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya. Gab da asuba abin ya fi muni, sai kuma hanyar komawa gida a kan babur. Idan aka daɗe a haka, haɗarin hawan jini da ciwon suga da ƙiba yana ƙaruwa. A 2007 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, ta sake jaddada hakan a 2019.

Goro da kofi suna taimakawa a farkon dare, amma in asuba ta gabato a ajiye su, kada su hana barcin safe. Tramol kuwa sayen wata cutar ce. A sa labule mai kauri, a kashe waya, a ɗan kishingiɗa kafin fita aiki. Shugabannin ma'aikatu su daina jera wa mutum darare barkatai, juyin aiki ya tafi daga safe zuwa yamma, sannan dare.

Uwargida, maigida, maƙwabta: in kun ga mai aikin dare kwance da rana, ku ja masa ƙofa, aiken ya jira la'asar.