Wankin Jirgin Ruwa: Injin Feshi Ba Ya Maye Gurbin Idon Basarke

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa ta Tambuwal, ya san ƙarar injin feshin da matasa ke wanke motoci da babura da shi. Cikin ɗan lokaci taɓon da ya kwana a jikin mota yake kaucewa. Tunda wannan inji ya zama ruwan dare, ba abin mamaki ba ne mai jirgi a Tafkin Romo, ko mai fito a Gulbin Zamfara ta ɓangaren Kebbe, ya yi sha'awar hutar da hannunsa da shi. Sha'awar tana kan hanya, amma akwai gyara a cikinta.

Jirgin da ya shafe watanni cikin ruwa yakan tara gansakuka da taɓo da ƙananan dodon koɗi a ƙarƙashinsa. Wannan dauɗa tana rage masa gudu, ta wahalar da mai tuƙi, ta ƙara wa mai inji shan mai. Mafi muni kuwa, tana rufe tsaga da ruɓewar katako. Ke nan wankin jirgi bincike ne kafin ya zama ƙawa. Sarkawan da suka gaji sana'ar sukan jawo jirgi tudu su kife shi, su kankare, suna bin kowane haɗi da yatsa, su cusa auduga ko tsumma inda ya buɗe, sannan su shafe da kwalta.

A nan ne injin feshi ke da fuska biyu. Ƙarfin ruwan da yake fesowa yakan ninka ƙarfin iskar da ke cikin tayar mota fiye da sau 40. A jikin jirgin faiba ko na ƙarfe, wannan ƙarfi alheri ne. A jikin kwale-kwalen katako kuwa, yana iya tsefe fuskar itacen, ya fizge tsumman da aka toshe haɗi da shi, ya ɓamɓare kwalta. Sai jirgi ya koma ruwa yana ƙyalli, alhali ya fi jiya rauni. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ya fi ƙadangare iya neman kafa.

Saboda haka, wanda zai yi amfani da injin ya kiyaye wasu ƙa'idoji. Ya wanke jirgin da zarar an fito da shi, tun gansakukar na ɗanya. Ya sa bakin da ke baza ruwa, ba mai tsartuwa kamar kibiya ba, ya ja baya kamar kamu guda, ya fara gwadawa a wani ɗan gefe. Ya bi tsawon katakon a karkace, kada ya auna haɗi kai tsaye, kada kuma ya fesa cikin injin jirgin. Ya kare idanunsa, ya nisantar da yara, domin feshin yana iya tsaga fata. Bayan wanki ya bi jirgin da ido da hannu, ya toshe, ya shafe. Kada a bar shi ya daɗe a rana, domin katako in ya bushe ƙwarai yakan tsuke, haɗi ya buɗe.

Wurin wankin ma abin lura ne. A yi shi can kan tudu, inda ruwan wanki da sabulu da baƙin mai ba za su gangara tafkin da mutane da dabbobi ke sha ba. Jirgin da za a kai wani ruwa daban shi ya fi buƙatar wanki, don kada ya ɗauki irin kainuwa ko kacala, ko dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, ya kai inda babu su.

Mai karatu na iya ganin lamarin ƙarami ne. To, maƙwabciyar Tambuwal, wato Shagari, ta yi jana'izar mutum 29 a watan Afrilun 2022 bayan kifewar jirgi, ta sake rasa yara 15 na ƙauyen Dandeji a watan Mayun 2023. Lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya su aka fi ambata a irin waɗannan haɗurra, wanki kuma ba zai magance su ba. Sai dai lafiyar jikin jirgi ita ce abin da mai shi ke da cikakken iko a kai, ba sai ya jira gwamnati ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Shawarata ga sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta na Tambuwal da Kebbe ita ce su ware lokaci kafin faɗuwar damina da za a fito da kowane jirgin fito a wanke, a duba. Inji ɗaya na haɗin gwiwa ya ishi mashigi guda. Ƙananan hukumomin biyu da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa su tallafa da horo da rigunan kariya. Matasa su riƙe injin, amma dattijon Basarke ya tsaya a kansu, shi ne zai ce jirgi ya koma ruwa ko ya dakata.