Matsalar Aikatau Wajen Koyar da Dawwamar Makamashi da Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun bayan da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, masana suka duƙufa wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi. Daga cikin abin da aka samu akwai jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, wanda ya fito a 1987. Wannan maƙala za ta nuna cewa, a darasin abu mai motsi, aikatau ɗin da ke bin suna yana ɓatar da ɗalibi fiye da sunan kansa.

2.0 Abin da Dokar ta Ƙunsa

A kimiyyance, ba a ƙirƙirar makamashi, ba a kuma halaka shi; siffa yake sauyawa, ko ya bar wani jiki zuwa wani. Dutse mai nauyin kilo 2 da ke bisa katanga mai tsawon mita 5 yana ɗauke da ajiyayyen makamashi kimanin jul 98. Yayin faɗowa sai ya rikiɗa zuwa na motsi. Da dutsen ya daki ƙasa, adadin nan ya watsu a matsayin zafi da ƙara, ba tare da ya ragu ba.

3.0 Inda Harshe ke Saɓa wa Dokar

Kalmomi uku ake yawan ɗauka: ƙarfi, kuzari da makamashi. A duba waɗannan jumloli:

(1) Ƙarfin ƙwallon ya ƙare.
(2) Yaron ba shi da kuzari.
(3) Makamashin ya cinye.

A (1), “ƙarfi” ya haɗe turi ko ja da abin da ƙwallon ke ɗauke da shi, alhali abubuwa biyu ne masu ma'auni daban-daban. A (2), “kuzari” sifa ce ta mai rai, don haka da wuya ɗalibi ya yarda dutse yana da shi. A (3) kuwa, asalin “makamashi” abin hura wuta ne, kamar itace da kara, waɗanda toka ce makomarsu. Aikatau “ƙare” da “cinye” duk suna nuna gushewa, wato akasin dokar.

Wannan ba naƙasu ne na Hausa ba. Watts (1983) ya tarar da ɗalibai masu Turanci suna danganta makamashi da ɗan'adam, suna kuma ɗaukarsa kamar guzurin da ake ci ya ƙare. Shi kansa Helmholtz, da ya tsara dokar a 1847, kalmar Jamusanci *Kraft*, wato ƙarfi, ya yi amfani da ita.

4.0 Kammalawa

Tun da “makamashi” ya riga ya samu gindin zama a kafofin watsa labarai, ya dace a riƙe shi, a bar “ƙarfi” ga turi da ja. Haka kuma a guji “adana makamashi” a sunan dokar, domin abin da ɗalibi zai fahimta shi ne tattalin mai da lantarki. Babban gyara yana ga aikatau: a maye gurbin “ƙare” da “koma”, “rikiɗa” ko “watsu”. Ɗalibin da ya taɓa robar birkin keke bayan gangara ya ji ɗumi, ya fi kusa da cewa “makamashin motsi ya koma zafi”. Don haka wajibi ne masu tsara ƙamus na fannu su riƙa kawo kowane suna tare da aikatau ɗin da ya dace da shi cikin cikakkiyar jumla.