KARE MAI ƘAFA UKU: JINYARSA BAYAN AIKIN CIWON DAJI

Akwai wani irin ɗingishi da ke kama manyan karnuka, wanda ba na ƙaya ba ne, ba kuwa na targaɗe ba. Mai kare ya duba dagi bai ga kome ba, ya ce gobe zai sake. Mako ya wuce, biyu su wuce, sai ga kumburi mai tauri ya fito a ƙafar gaba, ko dai ƙasa wajen wuyan ƙafa, ko can sama kusa da kafaɗa. Karen da a dā ko akuya ba ya bari ta gilma ta bakin rumbu, yanzu ya koma kwanciya, in dare ya yi sai kuka ƙasa-ƙasa. Ran da aka kai shi asibitin dabbobi aka ɗauki hoton ƙashin, likita ya ce ciwon daji ne, shawararsa kuwa a yanke ƙafar.

Nan fa mutane da yawa kan ja da baya. Manomi ya ce, me kare mai ƙafa uku zai yi wa biri a gonar masara? Mai kanti ya buga lissafi, ya ga kuɗin aikin ya isa sayen wani kwikwiyo. Akawu kuwa tausayi ne ke kama shi, yana ganin zalunci ne a nakasa dabba da gangan. Kowannensu yana da hujjarsa. Amma kafin a ce i ko a'a, ya kamata a san abin da aikin ke iyawa da wanda ba ya iyawa.

Likitoci na kiran ciwon nan ostiyosakoma, watau sankarar ƙashi. Cikin dukan ciwon dajin da ke tsirowa daga ƙashin kare, wajen kashi 85 cikin 100 shi ne. Ya fi kama karnuka masu nauyi da dogayen ƙafafu, irin su Rottweiler da Great Dane da Alsatian, waɗanda 'yan kasuwa ke saye don gadi. Ƙananan karnuka bai cika kama su ba. Galibi sai kare ya kai shekara 7 zuwa 9 yake fitowa, kuma ya fi son ƙafar gaba bisa ga ta baya. Yana cin ƙashi daga ciki kamar yadda gara ke cin dirka, waje lafiya lau, ciki rami. Don haka wata rana ƙashin kan karye da ɗan tsalle kurum, irin wannan karaya kuwa ba ta kama ɗori. Kai shi wurin maɗori, ko yi masa sakiya ko tsaga, ƙarin azaba ne kawai.

To, ga magana mai ɗaci. A lokacin da aka gane ciwon, cikin kare 10 wajen 9 ya riga ya aika da irinsa cikin jini zuwa wasu wurare, musamman huhu, ko da hoton ƙirji bai nuna kome ba tukuna. Bisa ga lissafin asibitocin dabbobi na Amurka da Turai, in yanke ƙafa kaɗai aka yi, rabin karnukan ba su wuce wata 4 zuwa 5 ba. In an haɗa da alluran kashe ƙwayoyin daji, rabinsu kan kai wata 10 zuwa 12, wajen ɗaya cikin biyar kuma ya ga shekara 2. Watau an yanke ƙafa, amma tsugune ba ta ƙare ba.

Mai tambaya ya ce, to, mene ne amfanin yankan? Amfaninsa cire zogi. Ciwon ƙashi yana cikin mafiya zafi, har ya kan kai inda magani ba ya taɓa shi, ƙafar kuwa tana fita zogin ya fita tare da ita. Ban da haka, ba kowane daji ne na ƙashi ba. Akwai na tsoka da na fata waɗanda ba su cika yaɗuwa ba, in an cire ƙafar shi ke nan kare ya rabu da su. Shi ya sa ya dace a roƙi likita ya aika da naman da aka cire ɗakin bincike, a san takamaiman irinsa. Asibitocin koyar da likitan dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna cikin wuraren da za a nufa don hoto da aiki da binciken nama. Likita zai duba sauran ƙafafun uku, ya ɗauki hoton ƙirji. Karen da sanyin ƙashi ya ci gaɓoɓinsa, ko wanda ciwon ya riga ya bayyana a huhunsa, sau da yawa aikin ba ya yi masa rana. Nan kuwa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai kare ya faɗi iyakar abin da aljihunsa zai ɗauka, ya kuma faɗi ko akwai mai jinya a gida, gama rabin aikin a gida yake.

Makonni biyu na farko

Kare kan kwana ɗaya ko biyu a asibiti. Ran da aka je ɗaukarsa a shirya zuciya, don za a ga an aske gefe guda ƙwal, ga dogon ɗinki. In ƙafar gaba ce, galibi har allon kafaɗa ake cirewa, wurin ya zama sumul. Mutum ne abin ke firgitarwa. Shi kare bai san kunyar nakasa ba, kuma tun makonnin da ya yi yana rataye ƙafar ya soma koyon tafiya da uku. Yawancinsu kan miƙe tsaye cikin kwana ɗaya ko biyu.

Tun kafin ya iso a gyara masa makwanci a inuwa mai iska, ɗaki ko rumfa mai ƙofa, inda kaji da awaki da sauran karnuka ba sa shiga. A shimfiɗa buhu biyu ko uku, a ɗora tsumma mai tsabta, a riƙa sauya shi kullum. Kada a kwantar da shi a rairayi ko turɓaya. Dalili kuwa, akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a ƙasar inuwa da fitsari ya jiƙa, tsutsarsa ta huda fata ta shige, ta yi kamar maruru. Ga kuma ƙudajen da ke bin jini su yi ƙwai a bakin rauni, cikin kwana guda ƙwan ya ƙyanƙyashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɗinki kuwa tsaga ce. Tsohon gidan sauro a kan makwancin ya fi magunguna da yawa amfani, musamman da damina.

Abu na biyu shi ne harshen karen kansa. Ana cewa lasar kare magani ce, amma a kan ɗinki ɓarna ce, dare ɗaya ya isa ya tsinke zaren duka. Asibiti kan ba da wani abin roba mai kamar mazurari da ake sa masa a wuya. In babu, a yanke gindin bokitin roba mara nauyi, a naɗe bakin yankan da tsumma don kada ya gurje shi, a ɗaura a wuyansa. Zai yi kwana guda yana karo da bango yana fushi. A ƙyale shi, zai saba. Wanda aka yi wa aikin gaba, a sa masa tsohuwar singileti mai tsabta, don da ƙafar baya yake kai wa wurin susa.

Safe da yamma a duba raunin da ido. Ja da baƙi-baƙin kwanciyar jini a kewaye ba abin tsoro ba ne, har ya kan gangara ƙasa wajen ciki kafin ya baje. Wani lokaci ruwa kan taru ƙarƙashin fata, ya yi taushi kamar salka, ba zafi. Kada a huda shi, jiki ne ke shanye shi a hankali, sai dai a nuna wa likita in yana ƙaruwa. Abin da ba ya jiran gobe shi ne wari, ko mugunya, ko bakin ɗinki ya buɗe, ko jini ya ƙi tsayawa, ko dasashi ya yi fari, ko kare ya wuni ya kwana bai yi fitsari ba. Rashin kashi na kwana biyu ko uku kuwa ba kome, aikin maganin barci ne da ƙarancin ci. Kada ruwa ya taɓa ɗinkin, ba wanka sai an cire zare, watau bayan kwana 10 zuwa 14. Baƙin mai da kananzir da toka da kashin shanu, waɗanda wasu kan shafa wa raunin dabba, ko kusa kada su zo.

Sai maganar magani, nan ne masu kyakkyawar niyya ke kashe karnukansu. Mutum ya ga kare yana nishi, ya aiki yaro kemis ya sayo abin da shi ke sha in bayansa na ciwo. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa. Ko paracetamol ba a ba shi sai da awon likita. A tsaya kan abin da asibiti ya bayar, a kan lokacinsa, har ya ƙare, ko da kare ya yi kamar ya warke. A cusa ƙwayar cikin ɗan nama ko kifi. Kare ba ya faɗin ciwo da baki, sai da haki ba zafin rana, da rawar jiki, da kasa zama wuri ɗaya, da ƙin abinci. Wasu kan yi ƙara farat ɗaya su waiwaya inda ƙafar take a dā. In haka ta yawaita a gaya wa likita, akwai maganin jijiya dominsa.

A gidaje da yawa kare na waje ne, ba a saba taɓa shi ba. Jinya kuwa tilas sai da hannu. Mutum ɗaya wanda karen ya fi sani shi ya kamata ya ɗauki aikin, ya sa safar hannu, ya wanke da sabulu in ya gama. Yara su tsaya nesa, don mai ciwo ko mai haƙuri ne ya kan kai cizo. In za a juya shi ko a ɗaga shi, a sa masa takunkumi na ɗan lokaci.

Koyon tafiya

Kare na ɗora wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, 40 a na baya. Saboda haka wanda ya rasa ta gaba ya fi shan wuya, ƙafa guda ce ta gaji aikin biyu. Gangara ita ce wahalarsa. Wanda ya rasa ta baya kuwa hawa ne ke ba shi wuya.

Kwanakin farko a zura tawul ko zane ta ƙarƙashin ƙirjinsa ko cikinsa, a riƙe bakin biyu a sama, ba don a ɗauke shi ba, don dai kada ya kife. A fita da shi da igiya sau uku ko huɗu a yini, ya yi fitsari ya komo. Daɓen siminti mai santsi da tayil abokan gabarsa ne, faɗuwa ɗaya kan sa ya ji tsoron tashi, don haka a shimfiɗa tabarma ko buhu a hanyarsa. Bayan cire zare a riƙa ƙara tafiyar kaɗan-kaɗan, da sanyin safe ko bayan la'asar. Za a lura yana son sauri. Ba rashin ji ba ne, tafiyar ƙafa uku tsalle ce, ta fi sauƙi da ɗan gudu. A bi shi da nasa takun, in ya zauna a tsaya. Cikin wata guda galibinsu sun gwanance har baƙo sai ya duba sau biyu.

Abinci a ba shi mai gina jiki, nama ko kifi ko dafaffen ƙwai a kan tuwonsa, da ruwa mai tsabta kullum a kusa. A ɗora kwanon a kan bulo don kada ya sunkuya ya rasa madogara. Amma fa tausayi kada ya sa a cika shi. Ƙiba ita ce babbar cutar kare mai ƙafa uku, ko wane kilo ƙari ne ga gaɓoɓin da suka rage. Ma'auni shi ne a shafa gefensa a ji haƙarƙari ba tare da an danna ba. A riƙa rage masa farce, a duba tafin ƙafa don ƙaya da tsagewa, gama ba shi da ta canji. Wanda ya rasa ƙafar baya ba ya iya susar kunnen wannan gefen, nan kuwa kaska ke taruwa, sai an cire masa.

Aikinsa ma sai a sauya. Farauta da bin garke wuni guda da korar birai sun wuce. Amma hanci da kunne da murya suna nan yadda suke, gadin rumbu da turke da ƙofar kanti bai fi ƙarfinsa ba. Sai dai a raba shi da doguwar sarƙa mai nauyi, don tana harɗe shi.

Wanda ya iya ɗaukar alluran daji, yawanci ana yin su bayan kowane mako 3, sau 4 zuwa 6. Karnuka sun fi mutane jure su, yawancinsu ko gashi ba ya zube musu. Kwanaki kaɗan bayan kowace allura a kwashe kashinsa da safar hannu a binne, kada yara ko mai ciki su taɓa. Da allura ko babu, a riƙa mai da shi ana ɗaukar hoton ƙirji bayan kowane wata 2 ko 3.

Alamun komowar ciwon su ne rama, da kasala, da numfashi da ƙyar, wani lokaci tari, ko sabon ɗingishi a wata ƙafa. In ya kai ga ba ya ci, ba ya tashi, magani kuma ya daina aiki, likita yana da allurar da ke sa shi barci ya wuce ba wahala. Gawar da aka yi wa wannan allura ba a jefar da ita a juji, ba a kuma ba masu cin nama, don maganin yana nan cikin tsokar, yana iya kashe ungulu ko wani karen da ya ci. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne, a ɗora duwatsu a kai.