Ciwon Damuwa Mai Gagarar Magani da Batun Kumburin Ƙwaƙwalwa: Tsokaci Daga Mubi

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye garin Mubi, jama'ar unguwanni irin su Nassarawo suka watse zuwa Yola da ƙasar Kamaru. An dawo gida daga baya, amma firgici da rashin dangi suna cikin abubuwan da ke haddasa ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai ɗorewa wanda ke hana barci da cin abinci da sha'awar rayuwa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata sabuwar hanya da masana suke bi wajen nemo wa ciwon magani.

2.0 Gagarar Magani

Likitoci suna cewa ciwon ya gagara idan an gwada magunguna iri biyu, kowanne bisa ƙa'ida, ba a dace ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyata suna faɗawa wannan rukuni. Yawancin magungunan da ake da su suna aiki ne a kan sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su.

3.0 Kumburi

Kalmar "kumburi" tana iya rikitar da mai karatu, domin Bahaushe ya san kumburi da tashin fata wanda ido ke gani. Abin nufi a nan shi ne hargitsewar garkuwar jiki, inda take ta sakin sinadaran yaƙi da cuta har su taɓa aikin ƙwaƙwalwa. An lura cewa masu ciwon hanta da aka yi wa allurar intaferon, wadda ke zaburar da garkuwar jiki, da dama daga cikinsu sukan kamu da damuwa. Ana auna wannan kumburi ta hanyar gwajin wani sinadari a jini da ake kira CRP.

A 2013 masana a Jami'ar Emory ta Amurka suka wallafa sakamakon gwajin infiliksimab, maganin sanyin ƙashi, a kan mutum 60. A jimlace bai yi tasiri ba, amma waɗanda CRP ɗinsu ya yi sama sun sami sauƙi. Gwajin minosaikilin da aka gudanar a Landan aka kuma wallafa a 2021 ya nuna kwatankwacin haka. Ke nan ciwon damuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani ba lalle ya zama na wani ba.

4.0 Kammalawa

A yanki irin na Mubi akwai abin lura. Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka su ma suna ɗaga CRP, saboda haka ma'aunin da aka tsayar a Turai zai iya ruɗin likita. Wajibi ne a gudanar da gwaji a nan gida, a kuma daidaita kalmomin da za a yi wa majinyaci bayani da Hausa da Fulfulde, domin wanda bai fahimci ciwonsa ba da wuya ya jure shan magani.