JIRGIN DAKON TAKI YA ZAMA MASAUKIN BAƘI A ƘASAR HOLAN

A lardin Firislan da ke arewacin ƙasar Holan, hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu su ne suka haɗa garuruwa irin su Sinek da Workum da Dokkum. A kan waɗannan hanyoyi ne tsofaffin jiragen dako masu tafiya da iska, waɗanda ake kira tjalk, suke yawo da masu yawon buɗe ido. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara 100 da ƙerawa.

Mai karatu zai yi mamakin irin kayan da suke ɗauka a da: kashin shanu na taki, da ƙasar noma, da wata baƙar ƙasa da ake busarwa a hura wuta da ita. To, cikin wannan rumbu na taki aka yanka ɗakuna, aka kafa gadaje hawa biyu, nan baƙi ke kwana yau, su biya kuɗi kuma suna murna.

Gindin jirgin a shafe yake kamar faranti, don ruwan ba shi da zurfi. Saboda haka aka rataya masa fukafukan katako biyu, dama da hagu, ana sauke na ɓangaren da iska ke tura shi don kada ya zame. Wannan aiki, da jan igiyar ɗaga babban ƙyallen da ke kama iska, baƙi ne ke yi. Ma'aikata galibi biyu ne kacal, watau matuƙi da mataimakinsa. Ko kai likita ne a garinku, in matuƙi ya ce ja, sai ka ja. Girki da wanke-wanke ma bi da bi ake yi.

Gada ita ke da iko da tafiya. In an iso, sai a jira mai gadi ya ɗaga ta. In kuwa ya tashi aiki, nan za a kwana. A wasu garuruwa an daɗe da wata al'ada: mai gadin ya zuro takalmin katako a bakin sandar fatsa, matuƙi ya jefa kuɗin wucewa ciki, jirgi na tafiya bai tsaya ba.

Amma fa masu jiragen na asali ba shaƙatawa suke yi ba. Miji da mata da 'ya'ya duk a ɗaki ɗaya suke zaune a bayan jirgi, wanda babba ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Ranar da iska ta ɗauke, uwa da yara ne ke sauka bakin gaɓa, su ɗaura igiya a ƙirji su ja jirgi da kayansa, uba yana riƙe da akala ko yana tokarawa da doguwar sanda. Yaran da yawa ba su sami zama a makaranta ba. Da injin da manyan motoci suka zo, sana'ar ta mutu, aka mai da wasu jiragen gidajen kwana, wasu aka farfasa.

Jiragen yawon na yanzu duk an sa musu injin. Sai dai tun 1974, kowane Oktoba akan yi tsere daga Workum zuwa Warmond a dawo, a bi tsohuwar hanyar kai taki gonakin furanni. An hana tafiya da injin. In babu iska, igiya ce a ƙirji dare da rana, kuma kowane jirgi sai ya kai buhunan busasshen taki can Warmond kafin ya juyo gida.