Cutar daji da haihuwar maza: abin da ba a faɗa wa majinyata a Fatakwal

Kowace shekara ranar 4 ga Fabrairu, gidajen rediyon Fatakwal kan cika da batun sankarar mama da ta bakin mahaifa, har magidantan Diobu da Oyigbo suka ɗauka ciwon na mata ne. Ba haka ba ne. Akwai dajin 'ya'yan maraina, wanda ya fi kama samari da sababbin magidanta, kuma mutanenmu kan ce gwaiwa ce, a nufi mai maganin gargajiya. Shi da dajin Hodgkin kan rage yawan ƙwayoyin maniyyi da kuzarinsu tun kafin a soma magani. Maganin kansa, wato kemo irin su cisplatin da kuma gashi, yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, har da masu samar da maniyyi. Wani ya farfaɗo bayan shekara biyu, wani kuwa ba ya farfaɗowa har abada.

Mu a nan ba 'yan kallo ba ne. A ƙarshen 2016 muka soma shaƙar baƙin hayaƙi, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya gano sinadarin benzene, mai haddasa dajin jini, a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ninki 900 fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, mutum ya warke, ƙarfinsa na namiji ya dawo, shekaru su shuɗe babu haihuwa, sai dangi su ce matar juya ce. A yi mata kishiya ko a sake ta, shi kuwa ko gwajin maniyyi bai taɓa yi ba. Wannan zalunci ne.

Alhali mafita ta daɗe da samuwa: a daskarar da maniyyi a ajiye kafin magani. Tun 1953 aka samu ciki da daskararren maniyyi a Amurka. Ɗan tseren keke Lance Armstrong ya ajiye nasa a 1996 kafin kemo, da shi ya haifi 'ya'ya uku. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen ciki da maniyyin miji da ƙwan matarsa.

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal su riƙa faɗa wa saurayi wannan kafin ledar kemo ta farko, da tafinta idan Turancinsa bai kai ba. Sarakunan Hausawa da limamai kuma su daina jin nauyin zancen.